Ɗaukar lauya a Saudiyya idan gado ya haɗu da bashi

Da zarar banki ya samu labarin rasuwar mai asusu, sai ya rufe asusun. Wakalar da marigayi ya ba babban ɗansa ita ma ta mutu tare da shi, ko da saura shekara uku wa'adinta ya cika. Amma kuɗin hayar shago bai san an yi rasuwa ba, albashin yaran shago yana nan yana taruwa, mai riƙe da cak ko sanadi (takardar alkawarin biyan bashi) ɗauke da sa hannun marigayi kuwa, da an tashi daga kwana ukun zaman makoki zai bugo waya. A gidajen Hausawa da yawa na Makka, Jidda da Madina, cikin wannan makon ake fara cewa a nemo lauya. Cikinsa kuma ake yin kuskuren da za a shekara biyar ana gyarawa: a ɗauko wanda wani ya ce ya iya, a ba shi wakala buɗaɗɗiya, a yi cinikin lada da baki.

Bayanin da ke biye na magada ne da suka tarar da bashi cikin tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye yana raye, da wanda yake bin kamfanin da ya durƙushe kuɗi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka sau da yawa gida ɗaya ne yake cikin hali ukun a lokaci guda.

Ku fara sanin ƙofar da za ku shiga

Tantance magada, wasiyya da rabon tarika, har da gidan da magada ke jayayya a kansa, aikin kotun iyali ne, Mahkamatul Ahwalis Shakhsiyya, wadda tun 2022 take aiki da rubutacciyar dokar iyali ta 1443 Hijira. Karyewar ɗan kasuwa ko kamfani na kotun kasuwanci ne, ƙarƙashin dokar iflasi, wato karyewar arziki, ta 2018. Mai cak ko sanadi ba ya buƙatar ya sake kafa hujja, kai tsaye yake zuwa kotun zartarwa, Mahkamatut Tanfiz. Idan kuma bare ya fito ya ce gidan nasa ne, aro ya ba marigayi, to an koma kotun gama-gari. Lauya yakan zama gwani a ɗaya daga cikinsu, baƙo a sauran. Wanda ya shekara goma yana shari'ar saki da ciyarwa ba lallai ya taɓa zama da amintaccen iflasi, wanda kotu ke naɗawa kan dukiyar wanda ya karye, ba, lauyan kamfanoni kuma sai ka ga bai taɓa raba gidan da akwai marayu a ciki ba. In tarikarku ta haɗa shago mai rajista, gida da bashi, ku nemi ofishin da yake da mutum a kowane ɓangare, ku ji sunan wanda zai riƙe wane.

Dokar iflasi ba ta kowa ba ce. Ta shafi kamfanoni, da mutumin da yake kasuwanci ko sana'a ko wani aiki na neman riba, da baƙon da ya zuba jari a ƙasar da lasisi. Ma'aikaci mai albashi da bashi ya yi masa katutu, hanyarsa ita ce ƙarar i'isari, wato tabbatar da rashin abin biya, a gaban alƙalin zartarwa. Lauyan da ya ce wa direba ko mai gadi zai buɗe masa iflasi, ko bai san dokar ba, ko kuɗin kafin alƙalami yake hange.

Lasisi kafin komai

Wanda sunansa ke cikin rajistar lauyoyi ta Ma'aikatar Shari'a ne kaɗai yake da ikon tsayawa wa mutane a kotu a matsayin sana'a. Dokar aikin lauya ta 2001 ta sa sharaɗin ya zama ɗan ƙasa, lasisin kuma na shekara biyar ne, ana sabunta shi. A Najiz, dandalin intanet na Ma'aikatar Shari'a, akwai jerin lauyoyin da ke aiki: a rubuta suna, a ga birni da lambar lasisi. Aikin minti biyu ne, a yi shi kafin a je ofis. Mata ma suna karɓar lasisin tun 2013, kuma uwar gida mai takaba ko 'ya'ya mata da ke jin nauyin faɗin abin da ke ransu gaban namiji sukan fi sakin jiki da lauya mace.

Mutum uku ake rikita su da lauya. Akwai mu'aƙƙib, mai zirga-zirgar takardu tsakanin ofisoshi. Yana da amfaninsa, amma ba ya tsayawa gaban alƙali. Akwai mustashar, mai ba da shawarar doka da ba ɗan ƙasa ba, wanda yake aiki cikin ofishin lauya. Da yawansu sun san aiki ƙwarai, su ne ma suke rubuta takardun, sai dai yarjejeniyarku da wakalarku su kasance da sunan mai lasisi. Sai ɗan gari mai bakin Larabci da ya san kowa a kotu. Shi ne ya fi haɗari, don ba shi da lasisin da zai ji tsoron rasawa. Doka ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta gaza riyal 30,000 ba, ko duka biyun, ga mai shigar burtu da sunan lauya, amma wannan ba ya dawo muku da wa'adin da ya wuce.

An yarda miji ko mata ko dangi har daraja ta huɗu su wakilci mutum a kotu. Idan rabon sulhu ne, magada duk baligai, ba bashi, ba gardama, wannan ya wadatar, kada ku ɓata kuɗi. Akwai kuma ƙararrakin kotun kasuwanci da ba a karɓarsu sai ta hannun lauya.

Yadda ake gane ya san iflasi

Zaman farko jarrabawa ce, ku ne masu yi masa ita. Ku je da rajistar kasuwanci, bayanan asusun banki na aƙalla shekara biyu, jerin masu bin bashi da adadin kowa, jerin waɗanda ku kuke bi, kwangilar haya, da duk takardar da aka sa hannu a matsayin tsayawa wa wani. Sannan ku tambaye shi mataki nawa dokar take da shi, kuma wanne ya dace da ku.

Bakwai ne. Sulhun kariya, taswiya wiƙa'iyya, inda mai kasuwanci yake ci gaba da riƙe harkarsa yana neman masu bin bashi su amince da sabon tsarin biya. Kotu na iya dakatar da masu nema har kwana 90, ta ƙara, amma jimilla ba ta wuce 180. Sai sake tsarin kuɗi, inda ake naɗa amintacce ya sa ido a kan komai. Sai tasfiya, wato a sayar da kadarori a raba. Waɗannan ukun kowanne yana da sauƙaƙƙen salo na ƙananan 'yan kasuwa da bashinsu bai wuce riyal miliyan 2 ba, ya zama shida, kuma yawancin masu shagunanmu nan suke faɗawa. Na bakwai shi ne tasfiyar da Kwamitin Iflasi yake gudanarwa da kansa, idan abin da ya rage bai ma isa kuɗin gudanar da shari'ar ba. Tsarin biya ba ya wucewa sai masu kashi biyu bisa uku na darajar bashin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a rukuninsu sun yarda, don haka lauyan da ya iya zai ɗauki jerin masu bin ku ya fara lissafin wa da wa za a shawo kansu. Dokar tana aiki har a kan manya: rikicin bashin kamfanin Algosaibi da ya ɓarke a 2009, ta wannan hanyar kotun kasuwanci ta Dammam ta amince da tsarin warware shi a 2021.

Akwai magana uku marasa daɗi da lauyan kirki zai faɗa ba tare da an tambaye shi ba. Ta farko, mai mu'assasa, wato kasuwancin mutum ɗaya da aka yi wa rajista da sunansa, shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne. Motarsa da asusunsa na gida duk suna ciki, kuma bayan tasfiya ragowar bashi ba ya sauka daga wuyansa sai masu bi sun yafe. Ta biyu, abin da aka yi da dukiya kafin buɗe shari'a ana waiwayarsa: wata 12 baya idan da bare aka yi, wata 24 idan da na jiki ne. Motar da aka mayar da sunan mata, kayan shagon da aka kai siton ƙani, bashin suruki da aka biya aka bar na sauran, duk kotu na iya warware su. Ta uku, ɓoye kadara ko wasa da littattafan ciniki laifi ne da ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. In lauya ya ce muku a fara kawar da abin da za a iya kawarwa, ku tattara takardunku ku fita.

Ga mai bin kuɗi, lokaci ne komai. Idan aka buɗe sake tsari ko tasfiya, amintacce yakan yi sanarwa a shafin Kwamitin Iflasi, a ba da wa'adin kwana 90 a kawo takardun nema, a wasu matakan ma ya fi haka gajarta. Ba wanda zai biyo ka gida. Ɗaukaka ƙara a harkar iflasi kwana 14 ne, alhali mutane sun saba da kwana 30 na sauran shari'u. Ka kuma tambayi lauya layin da kake ciki, domin bayan kuɗin amintacce, masu jingina ne a gaba, albashin kwana 30 na ma'aikata da ciyar da iyali suna sama da kai, mai bashin da ba jingina yana can kusa da ƙarshe. In kana bin riyal 40,000 ba jingina, kamfanin kuma babu komai sai tsofaffin kujeru, gaskiyar ita ce ka cike takardar nema da kanka ka bar maganar lauya. Amintaccen iflasi ba lauyan kowa ba ne, na kotu ne. Amma da yake lauyoyi da akantoci ne ake ba wannan lasisin, ganin sunan lauya a jerin amintattu alama ce mai ƙarfi cewa ya san cikin aikin.

Yadda ake gane ya san tarika, irin tamu

Jerin haƙƙoƙi sananne ne: jana'iza, bashi, wasiyya cikin sulusi, sannan magada. Magaji ba ya biyan bashin mamaci daga aljihunsa. Iyakar mai bi abin da aka bari, sai fa in magajin ya tsaya wa marigayi a rubuce, ko an riga an raba kafin a biya, sai a bi kowa gwargwadon abin da ya karɓa. Saboda haka kada wanda ya sa hannu a sabon sanadi da sunansa don tausayin mai bi ko kunyar idon jama'a. Idan sanadi ya kai kotun zartarwa, aka aiko da umarnin biya da ake ce wa sashe na 34, kwana biyar bayan sanarwa ake shiga sashe na 46 na dokar zartarwa ta 2012: hana fita ƙasa, tono asusu da riƙe abin da ke ciki. Bashin da yake kan tarika ya koma kan mai rai ke nan. Lauya ya kuma duba bashin banki tun da wuri, domin ƙa'idojin babban banki na 2018 sun wajabta yafe ragowar bashin ɗaiɗaikun mutane idan sun rasu, da wasu togaciya. Akwai gidajen da suke ci gaba da biyan abin da ya riga ya faɗi.

Takardar farko ita ce sakkin hasarul warasa, mai lissafa magada, ana nemansa ta Najiz da takardar shaidar rasuwa da shaidu. A nan matsalolinmu suke farawa. Marigayi yana da mata a Makka da wata a Kano ko Damagaram. Auren ɗaya an ɗaura shi a zaure, ba a taɓa rubuta shi ba. Sunan ɗa a fasfo ya saɓa da na uba a iƙama (katin izinin zama), wannan Muhammadu, wancan Mamman. Rashin iƙama ba ya hana mutum gadon ubansa, amma sai an tabbatar da ko shi wane ne, wani lokaci sai an fara shari'ar tabbatar da aure ko nasaba kafin a zo maganar kuɗi. Ku tambayi lauya ko ya taɓa riƙe tarika mai magada a ƙasar waje, da yadda ya yi da takardunsu. In ya ce kada a sa magadan da ke ƙasar waje cikin sakkin don aiki ya yi sauri, ku sani ranar da suka fito ana gyara sakkin, a warware rabon, shaidun da suka rantse kuma su shiga uku.

Lissafin malamin unguwa da ya yi karatu a kan mazhabar Malikiyya zai yi daidai da na kotu a mafi yawan mas'aloli: tumuni ga mata idan akwai 'ya'ya, sudusi ga uwa, namiji rabon mata biyu. Amma akwai inda suke rabuwa. A wurinmu kaka na wajen uba yana tarayya da 'yan'uwan mamaci, dokar Saudiyya kuwa ta ba shi matsayin uba, yana katange su. Kada a yi wa kowa alkawarin adadi kafin lauya ya duba.

Sai kyauta da amana. "Baba ya ba ni gidan nan tun yana da rai" magana ce da ake ji a kusan kowace tarika. Dokar mu'amalar jama'a ta 2023 ta ce kyautar gida ko fili ba ta ƙulluwa sai an rubuta ta a hukumance. Dokar hujja da ta fara aiki a 2022 kuma ta ce mu'amalar da ta haura riyal 100,000 da rubutu ake tabbatar da ita, shaidar baki kaɗai ba ta isa, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Saƙonnin waya da rasit na tura kuɗi suna cikin hujjojin da dokar ta karɓa, don haka kada a goge wayar marigayi, kada a ba yaro ya sa sabon layi.

Abu biyu sun fi kowanne tsauri. Na farko, gidan da ba shi da sakki, wato takardar mallaka ta hukuma, sai takardar saye ta hannu da rasit ɗin lantarki, irin na tsofaffin unguwanni. Waɗanda rusau na Jidda ya shafa a 2021 da 2022, irin su Karantina da Gulail, sun ga yadda diyya take bin takarda. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, dokar shekarar 2000 ta hana shi mallakar gida cikin Makka da Madina sai ta hanyar gado, an kuma yi sabuwar doka a 2025, don haka lauya ya faɗa muku wadda ta hau kan gidanku. Na biyu shi ne shagon da kowa ya san na marigayi ne amma rajista da sunan kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Wannan tasattur ne, wato baƙo ya fake da sunan ɗan ƙasa yana kasuwanci, dokar 2020 ta sa masa ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, kuma tana kama ɓangarorin biyu. Ku faɗa wa lauya gaskiyarsa a ofis, inda sirrinku amana ne a wuyansa, kafin wani ya rubuta shi da hannunsa cikin takardar ƙara.

Idan akwai marayu, sai an fitar da sakkin wilaya, mai naɗa musu waliyyi, kuma ba a sayar da rabonsu na gida sai da izinin kotu. Akwai ma hukuma ta musamman mai kula da dukiyar ƙananan yara. Idan an kasa sulhu, kowane magaji na iya neman rabon dole. Gidan da ba ya rabuwa gwanjo ake yi da shi, sau da yawa ta Infath, cibiyar gwamnati mai kula da sayar da irin waɗannan kadarori, kuɗin mai tasfiya da na masu ƙiyasi kuma daga tarika suke fita. Lauyan da ya damu da ku zai lissafa muku wannan asarar, ya gwada sulhu ta Taradhi, dandalin sasanci na Ma'aikatar Shari'a, ko ya kawo shawarar takharuji, wato wani magaji ya sayi rabon wani. Takardar sulhun da aka tabbatar a Taradhi tana da ƙarfin hukunci.

Wakala

Yawancin dukiyar da ta salwanta a gado, ta wannan takardar ta bi. Ana zaune a falo, babban wa ya miƙo waya ya ce, "Hajiya, lamba za ta shigo miki yanzu, ki karanto min, wakala ce kawai ta kotu." Hajiya ta karanto. Ba wanda ya karanta mata abin da ke ciki, alhali an zaɓi sayarwa, sauya sunan sakki, karɓar kuɗi, yafewa da wakilta wani.

Wakala jerin izini ce, kowanne da sunansa, kuma ana zaɓarsu ɗaya bayan ɗaya. Lauya yana buƙatar murafa'a da mudafa'a, wato shigar da ƙara da kare ta, da gabatar da hujja, da ɗaukaka ƙara, da neman bayani daga bankuna da ofisoshi. Iƙirari, sulhu, tanazuli (janye haƙƙi), ibra'i (yafe bashi), karɓar kuɗi, sayarwa da ifragi (sauya sunan sakki), waɗannan doka ba ta ba wakili su sai an ambace su ƙarara, to kada ku ambace su. Ranar da sulhu ya nuna, sai a yi wata wakalar ta wannan sulhun kaɗai, da adadinsa. Izinin wakilta wani, in ofishin ya nema don lauyoyinsa su riƙa halartar zama, a taƙaita shi ga ma'aikatan ofishin. A rubuta sunan tarikar ko lambar shari'ar. Wa'adin wakala shekara biyar ne in ba a rage ba. Ku sa shekara ɗaya, sabuntawa ba wuya. Kuɗin kowane magaji kuma ya tafi asusunsa ko cak ɗin banki da sunansa.

Magadan da ke Najeriya ko Nijar sai su yi tasu ta ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ko Yamai, ko ƙaramin ofishin da ke Kano, ko su yi ta a gida a bi da ita ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci a buga hatimi, a fassara ta Larabci wurin mai fassara mai lasisi. Lauya ya rubuto kalmomin da Larabci ya aika musu kafin su je. Wakalar da ta iso babu kalma ɗaya da alƙali yake nema, komawa take yi, wata biyu ko uku sun tafi.

Lauya ɗaya ga dukkan magada yana yiwuwa muddin bakinsu ɗaya ne, abokin shari'arsu bare ne. Ranar da ɗakin uwar gida da na amarya suka saɓa, ko 'yan'uwa mata suka nemi a yi wa Yaya lissafin hayar da ya karɓa shekara shida, lauyan ba zai iya zama na kowa ba. Wanda ya kawo shi kuma yake biyansa, shi yake saurare.

Lada

Yawanci kashi biyu ne, muƙaddam da ake bayarwa a farko da mu'akkhar da ake biya a ƙarshe, ko dai adadi tsayayye ko kaso cikin ɗari. Rigimar tana cikin tambayar kason mene ne. A ɗauka tarika riyal 1,000,000 ce, bashi 280,000, ba wasiyya. Saura 720,000. Mata ta ɗauki tumuni, 90,000, uwa sudusi, 120,000, ragowar 510,000 tsakanin maza biyu da mata biyu: kowane namiji 170,000, kowace mace 85,000. Idan ɗaya daga cikin 'yan matan ta ɗauki lauya ita kaɗai, ta sa hannu a kan kashi 10 cikin ɗari "na tarika", ta ɗaure kanta da 100,000, fiye da duk gadonta. In an rubuta "na abin da ya shiga hannunta daga rabonta", 8,500 ne. Bambancin kalmomi huɗu ko biyar ne cikin Larabcin da ba ta karanta ba. A kan ladan kuma akwai harajin kashi 15 cikin ɗari idan ofishin yana da rajistarsa. A rubuta ko yana ciki ko yana waje.

Yarjejeniyar ta faɗi inda aiki ya tsaya: kotun farko kaɗai, ko har ɗaukaka ƙara, ko har zartarwa. Hukunci a takarda ba kuɗi ba ne, don haka mu'akkhar ya rataya a kan karɓa. Ta faɗi abin da za a biya in an yi sulhu a zama na biyu, da wanda zai ɗauki kuɗin masana, masu ƙiyasi da fassara. Idan gida aka ba ku a maimakon kuɗi, da wane ƙiyasi za a lissafa kason? Ma'aikatar Shari'a ta fito da yarjejeniyar lada ta bai ɗaya da ake rajista a dandalin Nafith. Tana da kyau don komai a bayyane yake, sai dai takardar zartarwa ce, in kun ƙi biya kai tsaye za a kai ku tanfiz. A sa wanda ya iya Larabcin takarda, ba na kasuwa ba, ya karanta muku ita layi-layi.

Game da kuɗin kotu, tun 2022 ana biyan har kashi 5 cikin ɗari na abin da ake nema, iyakarsa riyal miliyan 1. Amma shari'un iyali, rabon tarika da abin da ya taso daga dokar iflasi an keɓe su, ban da wasu buƙatu na can sama irin neman warware hukunci a kotun ƙoli. Wanda ya ce ku kawo kashi 5 na kotu don rabon gado, ku ce ya nuna muku takardar biyan da Najiz ta fitar. Lauya kuma ba shi da izinin sayen haƙƙin da yake shari'a a kansa. In ya ce ku sayar masa da rabonku ku huta, doka ta hana shi.

Bayan an sa hannu

Yawancin zama yanzu ta intanet ake yi, sanarwar kotu kuma saƙon waya ne zuwa lambar da ka yi rajista da ita a Absher, dandalin hidimomin gwamnati, kuma doka ta ɗauke shi a matsayin an sanar da kai. Layin da aka ba wani, ko aka bari ya mutu, ya sa an yanke wa mutane hukunci ba su sani ba. Kowane mai shari'a yana iya shiga Najiz da kansa ya ga ranar zama, abin da aka rubuta da abin da lauyansa ya gabatar. Ku duba bayan kowane zama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai mai kai ya zauna ya ga ana yi. Asalin takardu su zauna hannunku, a ba ofis kwafi; wanda dole sai an miƙa asali, a karɓi rasit mai faɗin ko mene ne.

In ta kai ga rabuwa, ku fara duba wa'adin da ke gudana, kada a sallami lauya saura kwana huɗu ɗaukaka ƙara ta rufe. Ku samu sabo tukuna, sannan a soke wakala ta Najiz, a sanar da tsohon a rubuce, a nemi fayil. Doka ta ba ku ikon sallamarsa kowane lokaci, amma in ba da dalili karɓaɓɓe ba ne, yana iya neman cikakken ladansa, sai abin da kotu ta gani. Shi ya sa ake ajiye saƙonnin da bai amsa ba da ranakun zaman da bai halarta ba. Ƙorafin saɓa ƙa'idar aiki Ma'aikatar Shari'a ake kaiwa, hukuncinsa daga gargaɗi ne zuwa dakatarwa har shekara uku ko soke lasisi. Takardunku kuwa ku karɓe su da wuri, domin bayan shekara biyar da ƙarewar aikinsa ba a sauraron ƙarar neman su.